Ni Ne Na Tuƙa Babur Ɗin

Edita, na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau na ga ya kamata in sauke nawa nauyin. A ƙarshen shekarun tamanin, zamanin mulkin soja, ni saurayi ne mai shekara ashirin da shida, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, ina zaune gidan mahaifinmu a Unguwar Rimi. Ba na shaye-shaye, ba na neman faɗa, amma Allah ya jarabce ni da son gudu a kan babur da son a yabe ni. Ina da aboki guda da muka tashi tare, Kirista ne, iyayensa 'yan kudancin Kaduna, yana koyarwa a wata firamare a Doka. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Mutum ne mai sanyin hali, kuma a lokacin an kusa sa masa ranar aure.

A shekarar ne yayana ya gama karatun injiniya a Turai, ya dawo da wani babur da ban taɓa ganin irinsa ba. Kamfanin da ya ƙera shi ya yi shi ne don bikin cikarsa wasu shekaru da kafuwa, 'yan ƙalilan aka fitar, kowanne da lambarsa a wani ɗan ƙarfe a kan tanki. Ja ne da fari, injinsa irin na tsere, mai tuƙi sai ya kwanta a kan tanki kafin hannunsa ya kai. Idan aka tashe shi har tagogin gida sai sun amsa. Yaya ya sha gaya mini cewa don filin tsere aka yi shi, ba don titin da awaki ke tsallakawa ba, shi kansa bai taɓa sake masa wuta duka ba. Da aka tura shi kwas Legas na wata guda, ya ba ni makulli, ya ce in riƙa ɗumama injin bayan kwana biyu-biyu, amma ko ƙofar gida kada ya wuce. Sau biyu ya maimaita.

Sati biyu na daure. Wata Asabar da hantsi na fito da shi, na tarar da abokina yana wanki a ƙofar gidansu. Na ce ya hau mu je Katabu mu dawo. Ya ce ba zai hau ba, ba namu ba ne, kuma hular kwano ɗaya ce. Na yi ta yi masa dariya, ina cewa tun ba a ɗaura ba amarya ta mai da shi matsoraci, har ya ɗauraye hannu ya hau. Ni na sa hular. Da muka wuce Kawo hanya ta buɗe, na murɗa. Abin da na ji ba gudu ba ne irin wanda na sani, bishiyoyi haɗewa suka yi. Ina jin yana dukan kafaɗata yana ihu in rage, ni kuwa sai na ƙara. Dab da Katabu wata motar itace ta fito daga gefen hanya. Na damƙi birki da ƙarfin da na saba a ƙaramin babur ɗina, sai ƙafar gaba ta kulle. Ni na tashi da karaya a hannu da ƙujewa. Shi a bakin kwalbati ya faɗi. Kwana huɗu bai san inda yake ba, kuma sai da aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Amma ba hatsarin ne ya sa na rubuto ba. Da ɗan sanda ya zo asibiti ya tambayi wanda ke tuƙi, na ce abokina ne. Na ce shi ya matsa mini in ba shi ya gwada. Tsoron Yaya da na mahaifinmu ne ya sa, kuma a ƙasan zuciyata, Allah ya gafarta mini, ina zaton ba zai tashi ba. Ranar da ya farfaɗo ina ɗakin lokacin da mahaifiyarsa take kuka tana tambayarsa me ya kai shi tuƙa abin da ba nasa ba. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya juya fuskarsa bango.

Yaya ya daina gaisawa da gidansu. Mahaifin yarinyar da abokina zai aura ya janye, ya ce ba ƙafar ce ta dame shi ba, ba zai ba da 'yarsa ga wanda ke ɗaukar kayan mutane ba izini ba. Mama kuwa, mahaifiyarsa, kullum sai ta aiko mini da farfesu, tana gode mini da ban riƙe ɗanta a zuciya ba. Ina ci ina jin kamar ƙasa nake haɗiya, amma na yi shiru. Bayan shekara guda mahaifinsa ya yi ritaya suka koma garinsu.

Sai da na yi shekara uku da wannan ƙarya a wuyana kafin na faɗa wa Yaya. Bai zage ni ba. Ya ɗauki makullin mota ya ce in shiga, muka nufi garin da suka koma. Mun tarar da abokina zaune da sandunansa a gefe yana duba littattafan ɗalibai. Na durƙusa a gaban iyayensa na faɗi komai. Ya ce ya yafe tun yana asibiti. Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba, ya ce kullum yana cewa gobe zan faɗa da bakina, bai so ya riga ni ba. Mahaifiyarsa ta ce ita ma ta yafe saboda Allah, amma daga ranar kada in sake kiran ta Mama. Na yi shekaru ina zuwa gaishe ta, har ta rasu ba ta janye maganar ba.

Abin da na gane shi ne, ƙafarsa a daƙiƙa ɗaya na ɗauke, amma sunansa da aurensa da gangan na ɗauke su, kowace safiya ina sake zaɓar in yi shiru. Ina roƙon samari, idan an ba ku amanar abin da ya fi ƙarfinku ku bar shi inda aka ajiye, idan wanda kuka goya ya ce ku rage gudu ku rage. In kuwa tsautsayi ya riga ya faru, ku faɗi gaskiya a ranar, ko da muryarku na rawa. Mai haƙurin da ya yi muku shiru ba mantawa ya yi ba, jiran ku yake yi.