Na Canza Gilashin Waya, Ashe Ciwon Yana Kaina

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Na daɗe ban ce komai a wannan shafi ba, har wasu sun zaci na bar Abuja. Jinya na yi. Ni Sabi'u direba nake wannan bayani da hannuna, domin tun da na kammala ajin yaƙi da jahilci a Mararaba ban ƙara sa kowa ya rubuta mini ba.

Aikinmu na direbobin manya rabinsa jira ne. Idan na sauke Oga a ma'aikatarsu, sai mu taru a inuwa muna wani wasan wasa ƙwaƙwalwa a waya, inda ake cushe motoci a fili ɗaya a ce ka fitar da jar mota. Duk direbobin wurin sun shaida babu wanda ya kai ni mataki.

A nan ciwon ya fara bayyana. Mataki mai sauƙi ya gagare ni. Ina tura jar mota tana ƙin wucewa, ban kuwa ga abin da ya tare ta ba. Na yanke hukunci cewa gefen hagu na gilashin wayar ya mutu, na kai aka sa sabo. Da na koma da ƙorafi, mai gyaran ya ce, "Baba, ga tirela nan a hagu kowa yana gani. Wayarka ƙalau take."

Na ɗauke shi marar ladabi.

A gida na zargi matata Hajara da rage mini tuwo. Ba ta yi musu ba, ta juya kwanon kawai, sai ga rabin tuwo ban taɓa ba. Ta ce, "Malam, gobe asibiti." Na ce Oga yana da taro.

Washegari na goga gefen hagu na mota a ƙofar gidan Oga a Maitama, ƙofar da na yi shekaru ina shiga.

Daga nan na yarda na je asibiti, aka tarar jinina ya hau ƙwarai. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa mai tsada, Oga ya taimaka. Likita ta ce, "Idanunka lafiya suke. Ƙaramar shanyewar jiki ce ta taɓa wurin da ke lura da hagu a ƙwaƙwalwarka. Babu tuƙi sai na amince."

Oga ya miƙa makulli ga wani direba na wucin gadi. Na ji tsoro, domin da tuƙi kaɗai nake ciyar da gidana.

Aka ɗora ni a kan magani, aka rage mini gishiri. Likita ta ce in ci gaba da wasan, amma kafin in taɓa kowace mota in fara duba ƙarshen hagu. Hajara ta ɗaura jan zare a wannan gefen wayar don idona ya riƙa nemansa. Na koma mataki na farko, ni da ake kawo wa waya in warware.

Sannu a hankali motocin hagu suka dawo.

Bayan watanni likita ta gwada ni, ta sake gwadawa, ta amince. Oga ya ba ni makulli ya ce, "Sabi'u, a dai tausaya wa ƙofar." Na shiga da motar ba tare da ta taɓa komai ba.

Na gode wa Allah, da likita, da Oga, da Hajara. Shawarata ga direbobi: ku riƙa auna jininku ko kuna jin ƙarfi. Wanda kuma ya ga rabin abu ya ɓace masa, ya nufi asibiti a ranar, kada ya nufi mai gyaran waya.

Jan zaren yana nan a wayata. Ban cire ba.