Dangwalen da Na Yi a Kan Dokar Goyo

Na daɗe ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata a wata kwaleji a Gumel. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma da kuke karantawa da baki na faɗa wata ta rubuta. Amma Allah ya ba ni ido. Yarinya in ta fito daga ɗaki, daga tafiyarta nake gane ko lacca za ta ko bakin get. In aka ɗora wake a risho a cikin ɗaki, ina tsaye a bakin famfo zan kira sunan mai tukunyar. Ɗalibai Inna suke ce min a gabana. Abin da suke ce min a bayana shi ma na sani, na bar su ne kawai.

Shekarun farko na kafa doka cewa ba goyo a ɗakin kwana. Ni na faɗe ta da bakina, aka rubuta. Daga baya na zauna ina kallon matan aure suna zuwa shekarar farko da ƙwazonsu, su je hutu su haihu, shi ke nan sai dai ka ji labarinsu. Abin ya tsaya min a rai. Na yi ta zarya ofis-ofis har aka gaji da ganina, aka ba ni ɗakin ƙarshe na kusa da banɗaki, aka ce na masu goyo ne. Na sa aka share, aka gyara taga, aka ɗaura igiyar shanya a bayansa.

Wadda na fara yi wa alkawarin ɗakin wata ɗaliba ce daga Gagarawa Tasha, mai shiru-shiru, mai son karatu. Ta gama shekarar farko da tsohon ciki, ta haifi namiji a cikin hutu. Mijinta direba ne, yana ɗaukar awaki da tumaki daga kasuwar Maigatari. Sharaɗinsa ɗaya: in za ta koma, to a hannuna za ta zauna, ba zai kama mata haya a cikin gari ita kaɗai da jariri ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. In ba ta yi rajista a kan lokaci ba shekarar ta wuce ta, kuma na ga abin da ya ishe ni na san mai goyon da ta zauna shekara guda a gida ba kasafai take dawowa ba.

A wannan hutun ne aka sauya wa kwalejin shafinta na intanet. Matar da ke kula da shafin tsohuwar ɗalibata ce. Shekara uku ta yi a ɗaki na huɗu daga ƙofa, na sha ƙwace mata abin dafa ruwa na lantarki. Yanzu matar aure ce da 'ya'ya uku da ofis nata na kanta. Ita ta taɓa yi min bayanin aikin. Ta ce shafin kamar allon sanarwar da ke bakin ofis ne, sai dai shi wannan mutumin Sule Tankarkar yana zaune a ƙofar gidansa zai gan shi a waya. Kowane sashe da nasa gurbin: ɗakin karatu, asibiti, ɗakin kwana. Ita take shiga da kalmar sirri ta rubuta, ta ajiye a ciki inda ba mai gani. Sai shugaban sashen ya zo ya duba ya sa hannu a takarda, sannan ta danna ta sake shi ga duniya. Da aka kawo sabon tsarin sai ta kwashe duk abin da ke cikin tsohon ta zuba a ciki, ta aika wa kowane shugaban sashe ya zo ya duba nasa.

Na ci ado na tafi, har da turare. Shugabar sashe ce fa aka kira.

Na tarar da wani malami a ofishin yana jiran nasa layin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana duba takardu da tabarau. Ta ce ya yi haƙuri a fara sallamar Inna. Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Hoton tsakar gidana ne a sama, rubutu a ƙasa.

"Bokitin wace ce wancan?" na ce.

"Wane bokiti, Inna?"

"Ga shi can a bakin ɗaki na bakwai, shuɗi. Kuma zanin wa aka rataya a taga? Haka za ki nuna wa duniya gidana, kamar gidan da aka yi gobara?"

Ta ce tsohon hoto ne, ba wanda zai lura. Na ce ni na lura. Na tsaya a kanta sai da ta ɗauki wayarta muka taka har ɗakin kwanan cikin rana, ta ɗauki sabo. Muka dawo ta ɗora, na hango tsintsiya a jingine. Muka sake komawa. Malamin nan yana zaune yana kallonmu, ya sauke ƙafar, ya ɗora ɗayar.

Da hoton ya yi min, sai ta ce, "To Inna, saura rubutun. Da Turanci yake, bari in fassara miki layi-layi."

"Dokokin nan wa ya faɗe su tun farko?"

"Ke ce, Inna."

"To me za ki karanta min? Maganata za ki maimaita min?"

"Ai an yi sauye-sauye, gara a..."

"'Yar nan, kawo takardar."

Gaskiyar maganar ita ce ba na so a zaunar da ni a gaban mai tabarau ana karanta min abu kamar tsohuwar da aka aiko wa wasiƙa. Duk kwalejin an san ban iya karatu ba, shi ma ya sani, har da masu gadi. Ban san wa nake ɓoye wa ba. Ta buɗe min tawada, na dangwala babban yatsa na danna a takardar da ƙarfi, na goge a gefen mayafi, na fita ina jin na yi aiki.

Aka dawo hutu, ɗalibai suka yi ta shigowa da akwatuna. Ɗakin ƙarshe na nan a share, ba kowa. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Ranar Juma'a za a rufe rajista. Ranar Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara, sai na ji muryar ɗalibar, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ya ce ba zan zo ba."

"Saboda me?"

"Ya duba a waya, an rubuta ba a karɓar mai goyo. Wai duk wadda ta zo da jariri a ranar za a mayar da ita gida."

Na san wannan maganar. Har da "a ranar" ɗin, ni na ƙara shi da kaina, na tuna ma yadda na buga tebur lokacin da nake faɗa. Na ce ta ba ni shi. Ta ce ya fita, gobe kasuwa. Na karɓi lambarsa na sa aka kira min shi.

Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi aiki da jiki. Na ce masa wancan tsohon zance ne, ɗaki na nan na jiranta.

"Inna, ban ƙaryata ki ba wallahi. Amma wannan hukuma ce ta rubuta. In na ɗauko ta da kaya da yaro, duk unguwa an ga fitarmu, aka koro ta da yamma, me zan ce wa mahaifinta?"

"Ni ce hukumar a wannan gidan."

"To ai shi ya sa, Inna. An ce min ba a sa komai a shafin nan sai mai wurin ya gani ya yarda."

Na ce masa zan neme shi.

Ofishin mai kula da shafin na nufa, wannan karon ba turare. Na shiga da faɗa, don ban san wata hanyar shiga ba.

"Me kika rubuta a kaina?"

Ta jawo durowa ta fito da takarda ta ajiye a gabana. Ga yatsana nan ɓaro-ɓaro, har ya fi na kowa girma.

"Inna, wannan na wace ce?"

"Kada ki yi min rashin kunya."

"A'a, tambaya na yi. Ko na mai shuɗin bokiti ne?"

Na ja kujera na zauna. Na ce ta karanta. Ta karanta min tun daga sama tana fassarawa, ni kuwa ina jin kaina na shekarun baya yana ta zuba tsawa. Ashe har dokar hana shiga da rediyo tana nan, alhali rabon da in ga ɗaliba da rediyo na manta. Muka goge ta goyon, na faɗi sabuwa ta rubuta: akwai ɗaki na masu goyo, mai jariri ta zo da gidan sauro da abin shimfiɗarsa. Na sa ta maimaita sau uku. A na ukun ta ce, "Inna, kin haddace ai." Na ce ta karanta dai. Na sake dangwalawa, ta danna. Abin da ya hana mace karatu kwana uku, gyaransa bai kai a tafasa shayi ba.

Na sa aka sake kiran mijin. Ya ce ya duba yanzun nan, yana nan yadda yake.

Mai kula da shafin ta ce wayarsa ce ta riƙe tsohon, sai ya sabunta shafin. Ta karɓa ta yi masa bayani, yana cikin tasha, ga hayaniya ga ƙahon mota, yana ta "na'am? na'am?" har layin ya yanke. Muka sake kira, ba ta shiga. Sai ta kama hannuna ta ɗora yatsana a saman gilashin wayarta ta ja shi ƙasa.

"Haka kawai za a yi. A ja, a saki, a jira wannan abin ya gama juyawa."

Na gwada sau biyar. Karatuna na boko ke nan gaba ɗaya a duniya.

Ranar Alhamis na shiga mota zuwa Maigatari. Wanda ya san kasuwar ya san ba wurin neman mutum ɗaya ba ne. Na bi ta cikin shanu da raƙuma ina tambayar direbobi, wani ya ce ya ga motarsa can, wani ya ce yanzu ya bar nan. Wani ɗan dillali ya ce, "Hajiya, rago kike so ko tunkiya?" Na ce direba nake so. Suka kwashe da dariya, na bar musu ita. Sai wajen azahar na same shi a bayan motarsa ana miƙa masa akuya.

Ya diro da sauri ya durƙusa. "Inna! Ke da kanki?"

"Kawo wayar."

Ya buɗe shafin ya miƙo min. Na gane wurin da hoton tsakar gidana. Na gyara tsayuwa, abokan aikinsa sun zagaye mu, na ɗora yatsa na ja na saki. Abin ya hau juyawa. Ya yi ta juyawa. Ya tsaya, ba abin da ya sauya.

"Inna, wayar ta kama sabis ɗin Nijar ne," in ji shi. "Nan wurin haka yake yi."

Muka bar motar, ina gaba da waya a sama yana biye da ni, muna tafiya kudu muna neman Najeriya. Sai da muka fita daga karar dabbobi muka kai wajen masu sayar da igiya sannan ya ce ta dawo. Na sake ja. Rubutun ya ɓace ya dawo. Ni dai a idona duk ɗaya ne da na da, ƙananan baƙaƙen abubuwa a jere.

Na miƙa masa. "Karanta min. Da ƙarfi."

Ya karanta a hankali yana bin layin da yatsa, ya fassara. Da ya kai kan gidan sauro ya ɗago.

"Muna da shi a gida," ya ce.

"To gobe kafin masallaci. In an tashi salla ofishin rajista ba ya sake buɗewa."

"Sai na sauke kayan nan tukuna, Inna, amma in sha Allahu."

Juma'a tun safe na kafa kujera a bakin get. Hantsi ya yi, rana ta ɗaga, ma'aikata suka fara fitowa da dardumarsu a kafaɗa. Na riga na fara shirya abin da zan je in faɗa wa magatakarda, wanda na san ba zai ji ba, sai ga motar ta shigo, ba a ko wanke ta ba, tana warin awaki. Ɗalibar ta fito da takardu a hannu, yaron a baya yana tsala kuka, tana waige-waigen inda za ta fara.

"Kwance shi," na ce.

Ta tsaya kallona.

"Kwance shi ki ba ni, ki ruga. Ofishi na biyu a hannun dama, kada ki tsaya gaida kowa."

Na sunkuya ta ɗora min shi, na ja zanin na ɗaure. Ta kwasa da gudu. Rabona da goyo shekaru sun fi ashirin, bayana ya gaya min haka nan take. Na yi ta kai da kawowa a bakin get ina jijjiga shi, ɗalibai na wucewa suna danne dariya, ina bin su da harara ɗaya bayan ɗaya. Can na ji ɗumi yana bin bayana har ƙugu, a kan atamfar Juma'ata. Ban motsa ba. Ina nan tsaye a jiƙe ta fito daga ofishin, tana ɗaga min takardar da aka buga wa hatimi.