Sunan Kakar Iya a Buhun Taki

Wata Laraba ce cikin kaka, ana tsaka da cirar gyaɗa, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu kusa da Kiru. Tun da safe muka share ɗakin karatu muka yayyafa ruwa, Malama Asabe mai kula da littattafai tana manna hotuna a bango da ƙaro. Duk shekara takan shirya mana makon tarihin baƙar fata, mu ji labarin daulolin da, da na mutanen da aka ɗaure aka tsallaka teku da su. A wannan shekarar sai ta ce kowa ya zauna gaban kakarsa ya rubuto asalin gidansu.

Kwana uku na yi ina taya kakata Iya ɓarar gyaɗa, ko gaɗa ban fita ba, tana faɗi ina rubutawa. Ta ce kakarta daga duwatsun Doguwa aka kamo ta tana yarinya, aka sayar da ita gandun wani attajiri. Ta faɗi sunanta na yare da sunan garinsu. "Rubuta da kyau, 'yar nan, ban da ni babu wanda ya sani."

Ranar Larabar, kafin iyayen da aka gayyata su iso, sai ga kansila cikin babbar riga, sai ƙamshi yake. Ya bi bango yana karanta takardunmu da aka manna, ya tsaya a kan takardata, ashe gandun na kakanninsa ne. "Malama, wannan ai raba kan jama'a ne. Zaɓe ya ƙarato, ba ma son fitina." Hedimasta, wanda jiya-jiya ya gama yabon aikin, sai "ranka ya daɗe" yake yi yana murza hannu. Hedimastan da kansa ya yayyage takardunmu ya cusa a buhun taki. Wata bai cika ba aka yi wa Malama canjin wurin aiki.

Ban sake tambayar Iya ba, gani nake ai tana nan. Da bazara ta rasu.

Yanzu fastocin 'yan takara ake jibgewa a ɗakin, makarantar kuwa sunan kansilan aka sa mata. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni daga ina muka fito. Na buɗe baki, sunan kakar Iya, baiwar Allahn nan, ya ƙi zuwa. Na ce mata daga Kiru.