Damina Uku Yana Jiran Shari'a

Shekarar da nake digiri na biyu, na yi bincike a kan abin da ke hana mutanen karkara kai ƙara wurin 'yan sanda idan an yi musu sata. Na zaɓi ƙauyukan da ke kewaye da Ɗanbatta, saboda can ne dangin mahaifiyata. Lokacin cirar gyaɗa ne, sai na riƙa bin mutane gona da takardun tambayoyi a jaka, ina ɗaukar muryarsu da waya.

Wata Laraba da hantsi na tarar da wata tsohuwa a gindin ɗorawa, tana tsige gyaɗa ita kaɗai. Na durƙusa na gaishe ta, na karanta mata abin da aka ce mu riƙa karanta wa kowa: ba za a ambaci sunanta ba, kuma in ta gaji tana iya dainawa.

"A'a, ka sa sunana," in ji ta. "Ka sa na ɗana ma. Ai so nake a ji."

Ɗan nata magidanci ne, ɗan acaɓa. Wani mutum ya tare shi ya kai masa injin ban ruwa kasuwa, ashe na sata ne. Da aka tsayar da su a hanya, mutumin ya dire ya shige cikin dawa. Aka kama ɗanta. Sau ɗaya aka kai shi kotu, daga nan sai gidan yari a birnin Kano.

"Damina uku ke nan, Malam. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba."

Na ce, "Inna, ni fa ɗalibi ne. Ba ni da ikon komai."

Ta dubi jakata. "Da wannan tarin takardun? Kai dai ka taimaka don Allah."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda da ta sha ninki, mai ɗauke da lambar ƙarar. Na ɗauki hotonta. Ban ce zan yi wani abu ba, amma ban ce ba zan yi ba.

Malamin da ke duba aikina ya saurari muryar har ƙarshe. Sannan ya ce in sa labarin a babi na huɗu, amma kada in yi mata alkawari. Duk da haka na nemi wani abokina lauya, muka je kotun. Magatakarda ya ce an tura fayil ɗin wani ofis don neman shawara. A can aka ce bai iso ba. Muka koma kotu, aka ce mu dawo bayan sati biyu. Sau biyar muna wannan zirga-zirga.

Na je gidan yarin na ga ɗan nata. Dogo ne, ya rame ƙwarai. Bai tambaye ni maganar shari'a ba. Cewa ya yi, "Wa ke yi mata noma?" Na ce maƙwabta na taimakawa, alhali ban ga kowa ba.

Duk Juma'a takan ari wayar maƙwabcinta ta kira ni. Da farko ina ba ta labarin inda muka je. Da lauyan ya samu aiki ya bar Kano, sai abin faɗa ya ƙare mini. Na koma in ga kiran in zuba wa wayar ido har ta katse. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Na kare kundina lafiya. Maganarta ta ci rabin shafi, ɗaya daga cikin masu jarrabawar har ya ce nan ne aikin ya fi ƙarfi.

Bayan shekara na je bikin suna gidan kawuna. Da zan dawo, na haɗu da ita a tasha, riƙe da kwanon abinci ɗaure a tsumma. Na rasa inda zan sa kaina. Ita ta fara gaishe ni.

"Malam, ka gama karatun?"

"Na gama, Inna."

"To madalla. Allah ya sa albarka."

Na tsaya ina jiran ta tambaye ni, ba ta tambaya ba. Direba ya kira mutum ɗaya Kano, ta gyara riƙon kwanon ta shiga. Ni kuma na jira mota ta gaba.