Harafin Yaya

Akwai wata Laraba da har yau ban manta da ita ba, lokacin ina ɗaukar bidiyo a wani shago a Sabon Birni. Shagon na wa da ƙane ne, Alhaji Ummaru da Bashar, kuma kwamfuta ɗaya suke aiki da ita.

Ga wanda bai sani ba, ma'ajiyar kwamfuta ana raba ta ɗaki-ɗaki, kowane da harafinsa. D na Bashar ne, nan yake yanke-yanken bidiyo, in ya gama ya goge ɗakin kaf. E na Alhaji ne, nan ake ajiye aikin mutane da aka kammala.

Shi Alhaji mutum ne mai son girma, ko shayi ba a zuba wa kowa kafin shi. Ran nan Bashar ya tafi Maraɗi sayen kaya, sai Alhaji ya kira mai gyara ya ce, "Ƙaƙa za a yi harafin ƙanena shi riga nawa? A musanya."

Mai gyara ya ce, "Alhaji, harafin ga adireshi ne, ba sarauta ba. In an taɓa, a gaya wa Bashar."

"Za ni gaya mishi."

Aka musanya, amma bai gaya masa ba. Bashar ya dawo, ya goge D kamar yadda ya saba, ya ɗora sabon aiki a kai. Aikin mutane duk ya tafi.

Na biki da na suna da sauƙi, an ba da haƙuri. Amma akwai na wata mata, Hajiya Luba daga Tozai. Ni na ɗauki mahaifinta a sunan jikansa yana sa wa zuri'arsa albarka, bayan nan da kaɗan ya rasu. Ba su da muryarsa a ko'ina sai wurinmu.

Da ta zo karɓa, Alhaji ya yi ta kame-kame, wai matsalar wutar lantarki ce. Bashar ya ce, "Yaya, gaya mata gaskiya." Ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta juyo wurina ta ce, "Ɗana, kai da ka ɗauka, ka tuna abin da ya ce?"

Na faɗa mata ɗan abin da na riƙe, tana maimaitawa a hankali don kar ya kuɓuce mata. Wallahi na ji kunya.

Shi ya sa nake gaya muku, kwamfuta ba ta san babba da ƙarami ba. Kafin ku canza harafi, ku kwafe komai, ku sanar da duk mai taɓa ta. Abin da ke ciki ba namu ba ne, amanar mutane ce, kuma wani ba ya sake ɗaukuwa.