Ɗamarar da Na Saƙa wa Baba

Injin saƙa ne sana'ata a Diffa. Hular jarirai da rigunan sanyi nake yi wa matan ma'aikata da na sojoji, waɗanda suka zo daga yamma suna tsoron sanyinmu kamar zai cinye su. Yayana kuwa gyaran rediyo da salula yake yi a bakin kasuwa, kuma shi mutum ne da ba ya ganin abu ya ƙyale shi yadda Allah ya yi shi.

A shekarar da nake magana, ƙirjin Baba ya tashi. Duk rayuwarsa a gonar tattasai ya yi ta, a bakin kogin Komadugu, ƙurar busasshen tattasai ta gama da huhunsa. Likita ya ce ya kwanta, kada ya sake zuwa gona, a kuma riƙa lura da numfashinsa. Baba ya tsani a zauna masa a kai. Duk wanda ya leƙa ɗakinsa sai ya kore shi, ya ce shi bai mutu ba tukuna.

Ana haka yayana ya zo mini da wani zare ruwan toka, wanda wata Baturiya ma'aikaciyar agaji ta ba shi. Ya ce da ƙarfe a cikinsa, wuta na bi ta ciki. Na yi masa dariya, na ce ya je ya saƙa wa rediyonsa hula. Ya nace, na ɗora zaren a inji. Wahala kam na sha, don kama allurai yake yi yana tsinkewa, sai da na haɗa shi da ulu sannan ya tafi. Na fitar da ɗamara mai faɗin tafin hannu. Yayana ya haɗa ta da pil, wato batir, da ɗan ƙwan fitila, ya ce in ja. Da na ja sai hasken ya ƙaru, da na saki ya dushe. Na jefar da ita ƙasa. Abin da hannuna ya saƙa ne, amma tsoronsa na ji.

Muka ɗaura wa Baba ita a ƙirji, yayana ya ja doguwar waya har rumfar Inna ya rataye ƙwan. Baba na jan numfashi haske na tashi, yana saki yana sauka. Bai yi gardama ba, abin da ya kamata ya ba mu mamaki. Ya dai tambaya ko yanzu za a bar shi ya huta, muka ce masa e.

Wata safiya Inna ta kira ni da murna, ta ce in dubi yadda hasken ke tafiya da ƙarfi, babu tsayawar nan ta tari. Muka gode wa Allah, muka hana kowa buga masa ƙofa. Da rana ta take sai ƙwan ya shiga ƙyaftawa da sauri-sauri. Inna ta saki ludayi, muka afka ɗakin. Shimfiɗa babu kowa. Wayar ta bi ta ƙofar baya, muka bi ta har turke. Ragon Inna ne tsaye yana haki saboda zafi, da ɗamarata a ɗaure tsaf a cikinsa.

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Inna ce ta fara magana.

"Gona ya tafi. Yau ranar ban ruwansa ce."

Yayana ya ɗauke ni a moto, babur ɗin nan nasa, muka yi bakin kogi. Tun daga nesa muke jin ƙarar injin ban ruwa. Ruwa ya cika kwamin tattasai har ya malala kan hanya, ba wanda ya juya shi. Baba na zaune ya jingina da bishiya, fartanya a cinyarsa. Na kira shi bai amsa ba. Yayana ya taɓa wuyansa, sannan ya je ya kashe injin.

Maƙwabtan gona suka taya mu ɗora shi a amalanke. Da muka shigo gida da gawarsa, mata sun cika rumfa. Inna na zaune ta zuba wa ƙwan ido, yana ta haske yana dushewa. Ba ta juyo ta dubi amalanken ba. Ta ce mini a hankali, "Je ki kwance wa dabbar nan ɗamarar."