Tsohuwar da Ke Raka Jirgin 'Yan Badujala

Tsohuwar tana zaune a bencin gaba a filin makaranta, jakarta a cinya, takalmanta a tuɓe a gefe. 'Yan badujala suna kiɗan tashin jirgin ƙasa. Gangunan suna farawa a hankali kamar tayoyin ƙarfe na jan jiki, sannan su ƙara sauri, mai ƙaho yana busa doguwar jiniya.

Sai ga ta a tsaye, ko takalmi ba ta saka ba, tana ɗaga wa makaɗan hannu. Leɓɓanta suna motsi kamar mai ba da sallahu ta taga. Ina jin akwai wanda ta taɓa rakawa tasha, miji ko ɗa, kuma ban ga alamar ya dawo ba.

'Yarta da ke zaune kusa da ita ta jawo bakin mayafinta. "Inna, zauna mana, kina tare wa mutane."

"Bari dai jirgin ya sha kwana," in ji tsohuwar.

Shugaban makaɗan ya hango ta. Kiɗan ya zo ƙarshe, amma bai tsayar da sandarsa ba. Gangunan suna ta yin ƙasa-ƙasa, har sai da ta sauke hannunta da kanta.